Daga Leipzig zuwa Würzburg: Bin Sawun Masu Awon Zuciya

Jirgin ƙasa mai gudu ya ɗauke mu daga Berlin da hantsi, kafin awa ɗaya da rabi ta cika mun shiga Leipzig. Watan Oktoba ne, ganyen itatuwa ya ja, sanyi kuma ya fara nuna halinsa. Ni da ɗan yayata ne, wanda ke karatun injiniyan lantarki a Berlin. Shi ne bakina a tafiyar, don Jamusancina bai wuce gaisuwa ba. Tashar jirgin garin, wadda aka kammala a 1915, tana cikin mafi girma a Turai, kuma ƙarƙashinta kasuwa ce hawa-hawa. Ban tsaya kallonta ba. Abin da ya kawo ni yana can gaba kaɗan, tafiyar minti goma a ƙafa.

Duk wanda ya zauna ajin ilimin halayyar ɗan Adam a kwalejin horon malamai ya haddace layi guda: a shekarar 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na farko na wannan fanni a Jami'ar Leipzig. Ɗalibai kan rubuta shi a jarrabawa, su ƙara da cewa shi ne uban duban ciki, wato mutum ya juya ya leƙa zuciyarsa ya faɗi abin da ya gani, kuma shi ne ya kafa mazhabar da ke rarraba hankali gunduwa-gunduwa. Su ci makinsu su wuce. Ni dai na so in ga wurin da idona, tunda an ce gani ya kori ji.

Wurin kuwa babu shi. Mun tsaya a dandalin Augustusplatz, gabanmu ginin jami'a na gilashi da dutse mai siffar coci, gefensa dogon bene mai kama da buɗaɗɗen littafi. Jami'ar tun 1409 take, amma kusan duk abin da ido ke gani a nan sabo ne. Ɗakin farko na Wundt yana cikin wani tsohon gini ne da ake kira Konvikt, inda ɗalibai marasa ƙarfi ke cin abinci, kuma tun mutumin yana raye aka rushe shi. Cibiyar ta yi ƙaura har ta samu mazauni mai faɗi a ƙarshen ƙarnin, sai bama-baman daren 4 ga Disamba 1943 suka cinye ta. Cocin jami'a da ya tsira daga yaƙi, gwamnatin Jamus ta Gabas ce ta tarwatsa shi da nakiya a 1968. Ginin gilashin da ke tsaye yanzu tunawa da shi ne.

"To Kawu, mun zo kallon abin da babu ke nan?" in ji yaron.

Na ce masa ya yi haƙuri, akwai saura.

Kafin mu je ga sauran, sai da muka bi ta lambun Rosental, inda aka kafa wa Gustav Fechner abin tunawa. Ba zai yiwu a gane Wundt ba sai an san abin da ya tarar. Tun 1786 malamin falsafa Immanuel Kant ya yanke hukunci cewa nazarin zuciya ba zai taɓa zama kimiyya ta sosai ba, domin abin da ke gudana a cikin mutum ba ya ɗaukar lissafi, kuma kallonsa ma kan sauya shi. Gaskiya ce da kowa zai iya gwadawa: ka tsaya nazarin fushinka, kafin ka gama ya huce. Mutanen da suka huda wannan katanga ba malaman falsafa ba ne, masana jiki ne. Ernst Weber, a nan Leipzig, ya riƙa ba mutane nauyi biyu su ɗaga, ya gano cewa bambancin da hannu ke iya ji ba adadi ne tsayayye ba, yana tafiya ne da girman nauyin. Ƙarin da za ka ji a kan ƙaramin kaya, ba za ka ji shi a kan babba ba. Fechner ya ɗauki wannan ya mai da shi lissafi a littafinsa na 1860. Can a Königsberg kuma, wajen 1850, Hermann von Helmholtz ya auna gudun saƙo a jijiyar kwaɗo, ya samu kusan mita 30 a sakan ɗaya. Kafin nan ana ɗauka saƙon jijiya ya fi ƙarfin awo. Ashe yana cin lokaci. In kuwa jijiya tana cin lokaci, tunani ma yana ci, abin da ke cin lokaci kuma agogo na iya kama shi.

Wundt ɗan fasto ne, an haife shi a 1832 a Neckarau kusa da Mannheim. Likitanci ya karanta, ya yi shekaru yana mataimakin Helmholtz a Heidelberg, ya fitar da babban littafinsa kan tushen wannan fanni a 1873 da 1874, sannan Leipzig ta kira shi a 1875 kan kujerar falsafa. A 1879 ɗalibai suka fara nasu binciken a ɗakinsa. Da kuɗin aljihunsa ya fara, sai a 1883 jami'a ta amince da wurin a hukumance.

Cibiyar da ke ɗauke da sunansa yanzu tana Neumarkt, cikin wani tsohon ginin baje kolin kasuwanci a tsakiyar gari, kuma tana da ɗaki da aka keɓe don tunawa da shi. A nan na ga abin da ya sa tafiyar ta biya kuɗinta. Wanda aka gaya wa cewa duban ciki ne sana'ar mutanen nan zai zaci ɗakin tunani zai shiga, kujera da shiru. Abin da ke wurin tagulla ne da waya da ƙarfe: maɓallan dannawa irin na gidan waya na da, ƙarafan da ake bugawa su ba da sauti tsayayye, na'urar da ke nuna harafi na ƙiftawar ido ta rufe. Wani kamfani na garin, E. Zimmermann, ya yi suna da ƙera irin waɗannan kaya yana aikawa da su jami'o'in duniya. Sarkinsu duka shi ne agogon Hipp, mai fuska biyu, wanda ke raba sakan ɗaya gida dubu.

A nan yaron ya farka. Ya sunkuya ya bi wayoyin da ido, ya ce, "Kawu, ai wannan aikinmu ne. Wuta ta shiga, maganaɗisu ya saki allura ta fara gudu. Mutum ya saki maɓalli, wuta ta yanke, allura ta tsaya." Haka abin yake. Ana zaunar da mutum, a buga sauti, ya motsa yatsa da zarar ya ji. Wannan kan ci wajen kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Sai a ƙara masa wuya: sauti biyu, ya amsa wa ɗaya ya ƙyale ɗaya. Sai a sake ƙarawa: wannan da hannun dama, wancan da hagu. A cire lokacin farko daga na biyu, abin da ya rage shi ne lokacin tantancewa. A cire na biyu daga na uku, a samu lokacin zaɓi. Dabarar ta Donders ce, likitan ido ɗan Holan da ya wallafa ta a 1868, amma a Leipzig aka mai da ita aikin yau da kullum. James McKeen Cattell, Ba'amurken da ya gama digirinsa a nan a 1886, ya gano da irin wannan awo cewa mai karatu kan kama gajeriyar kalma da saurin da yake kama harafi ɗaya, kuma faɗin sunan launi ya fi karanta kalmar launin cin lokaci. Duk malamin firamare da ke koyar da karatu yana cin moriyar wannan, ko ya sani ko bai sani ba.

To ina duban cikin? Yana nan, amma a ɗaure. Wundt ya raina irin wanda malami zai zauna kan kujera ya bi saƙe-saƙen zuciyarsa ya rubuta littafi. Wanda ya yarda da shi ƙuntatacce ne ƙwarai. Dole mai gwajin ya san lokacin da abin zai zo, hankalinsa a tattare. Dole a iya maimaita abin sau da yawa, a kuma iya sauya ƙarfinsa ko yanayinsa a ga ko rahoton zai sauya. Amsar da ake nema kuma gajera ce: na ji, ban ji ba, wannan ya fi ƙarfi, wancan ya fi haske. Ba a tambayar mutum tarihin zuciyarsa. Waɗanda ake gwadawa ma ba mutanen titi ba ne, ɗaliban ne da malaminsu, yau kai ke riƙe agogo, gobe kai ke kan kujera. A ganina mutumin da ake kira uban duban ciki shi ne ya fi kowa rashin amincewa da shi a zamaninsa, shi ya sa ya kewaye shi da waya da agogo.

Da magariba muka nufi Eisenbahnstraße, titin da shagunan Larabawa da Turkawa suka yi yawa, inda baƙo Musulmi ke cin nama hankali kwance. Muna jiran abinci yaron ya sauke metronom a wayarsa, wato abin nan mai ƙwanƙwasa a jere da makaɗa ke tsai da kiɗa da shi. Wundt ya yi amfani da shi sosai. Ya lura cewa kunne ba ya barin ƙwanƙwasar a warwatse, sai ya ɗaure ta biyu-biyu ko huɗu-huɗu, ya ɗora nauyi a kan ɗaya, alhali duk ƙarfinsu ɗaya ne. In an rage gudu kuma, akwai ɗan ɗaurewar jiki yayin jiran ta gaba, da sakewa in ta zo. Daga irin wannan ya gina ra'ayinsa cewa ji a zuciya yana da fuska uku: daɗi da rashinsa, ɗaurewa da sakewa, zabura da natsuwa. Mun gwada, ni na ji ɗaurewar sarai, shi ya ce yunwa kawai yake ji. Abin lura shi ne hankali a nan ba zaune yake ana zuba masa ba, shi ke shirya abin da ya shigo. Wannan aiki na tattara hankali da nufi shi ne ƙashin bayan tunanin Wundt, kuma sunan da ya ba mazhabarsa daga kalmar nufi ya samo shi. Bai taɓa kiran kansa ɗan mazhabar tsari ba, wato waccan mai rarraba hankali gunduwa-gunduwa.

Washegari muka hau tarago mai lamba 15 zuwa kudancin gari. Ana sauka ne a gindin ƙaton ginin tunawa da yaƙin 1813 da aka ci Napoleon, mai tsayin mita 91, maƙabartar Südfriedhof kuma tana jingine da shi. A can kabarin Wundt yake. Ya rasu a 1920 a Großbothen, wani ƙauye a kudu maso gabashin birnin, yana da shekara 88. Shekarunsa ashirin na ƙarshe ba a ɗakin gwaji ya ƙare su ba. Ya yi imani cewa manyan ayyukan hankali, harshe da tunani mai zurfi da al'ada da addini, ba sa shiga ƙarƙashin agogo, sai dai a bi su ta abin da al'umma suka bari. Juzu'i goma ya rubuta a kan haka tsakanin 1900 da 1920. Akwai hikima a ciki, musamman batun harshe, inda ya ce jimla tana farawa ne a dunƙule cikin zuciya kafin a warware ta kalma-kalma. Amma a nan ne kuma ya jera al'ummun duniya hawa-hawa, daga waɗanda ya kira na farko-farko zuwa masu wayewa, bisa rahoton matafiya da 'yan mishan, shi kuwa yana zaune a Leipzig. Mutumin da ba ya karɓar shaidar ɗalibinsa sai an maimaita ta da agogo, ya karɓi labarin wasu nahiyoyi daga bakin masu wucewa. Ba sai an faɗa wa Bahaushe matakin da irin wannan jeri ke ajiye shi ba. Jami'ar dai ta daɗe tana koyar da Hausa a sashenta na nazarin Afirka, wannan ma tarihinta ne.

Mazhabar tsarin da ake jingina masa ta wani ce. Edward Titchener Bature ne ɗan Ingila, ya yi Oxford, ya zo Leipzig a 1890, ya gama a 1892, ya wuce Jami'ar Cornell a Amurka inda ya zauna har rasuwarsa a 1927. Shi ne a 1898 ya raɗa wa aikinsa wannan suna, yana cewa kamar yadda mai fiɗar jiki ke fara sanin gaɓoɓi kafin ya tambayi amfaninsu, haka za a fara da sassan hankali. Sassan a wurinsa uku ne: abin da gaɓɓai ke ji, hoton zuci, da motsin rai. A littafinsa na 1896 ya lissafa ire-iren ji sama da 44,000, fiye da 32,000 na ido, fiye da 11,000 na kunne. Ɗalibinsa ba shi da izinin cewa ya ga tebur. Wannan kuskure ne a wurinsa, an faɗi abin da ke waje maimakon abin da aka ji. Sai dai ya ce launi kaza, haske kaza, faɗi kaza. Horon yana da tsanani, mutumin ma haka. Da rigar malanta ta Oxford yake shiga aji. Ƙungiyar masu gwaji da ya kafa a 1904 ba ta karɓi mata ba a zamaninsa, alhali ɗalibarsa ta farko da ta kammala digirin digirgir, Margaret Washburn a 1894, mace ce. Da yake shi ya fassara wani sashe na Wundt zuwa Turanci, ɗalibinsa Edwin Boring kuma ya rubuta tarihin fannin a 1929, sai masu karatu da Turanci suka ga malamin ta madubin almajiri. Sai a shekarun 1970 masana irin su Arthur Blumenthal da Kurt Danziger suka koma ga Jamusancin asali suka raba su. Littattafan da ke yawo a hannun ɗalibanmu har yanzu ba su ji wannan labari ba.

Daga Leipzig muka gangara kudu maso yamma zuwa Würzburg, gari a bakin kogin Main, gonakin inabi a kan tuddai, tsohuwar gada mai gumakan waliyyansu jere. Shi ma an ƙone shi kusan ƙurmus a daren 16 ga Maris 1945 aka sake gina shi. Yaron ya san garin ne saboda Röntgen, wanda ya gano hasken hoton ƙashi a nan a 1895, kuma sai da muka je ɗakinsa ya ɗauki hoto kafin ya yarda ya saurare ni. Shekara ɗaya bayan wancan, Oswald Külpe, tsohon mataimakin Wundt, ya kafa nasa ɗakin gwaji a wannan jami'a, ya kuma yi abin da malaminsa ya hana: ya shigar da tunani kansa ƙarƙashin gwaji.

A nan Würzburg, Karl Marbe ya ba mutane nauyi biyu su faɗi wanda ya fi, sannan ya tambaye su me ya gudana a zuciyarsu kafin hukuncin. Suka duba ba su ga komai ba. Hukuncin ya zo daidai, amma ba hoto, ba kalma. Karl Bühler a 1907 ya riƙa jefa wa malamai tambayoyi masu wuya da zantukan hikima, su amsa, sannan su ba da labarin yadda fahimtar ta zo. Su ma suka ce akwai sani tsirara, wanda ba shi da hoto ko sauti. Wundt ya fusata, ya rubuta a shekarar cewa wannan gwajin bogi ne, hira ce aka sa wa rigar kimiyya. A Cornell kuwa aka maimaita irin aikin, ɗaliban Titchener suka duba suka ce akwai hotuna, sai dai dusu-dusu ne, da ɗan motsi a maƙogwaro da ido, mutanen Würzburg ne ba su iya dubawa ba.

Shari'a ke nan mai shaidu biyu, kowa ya rantse, kuma ba mai iya shiga ɗakin da abin ya faru sai shi mai shaidar. Kowane ɗakin gwaji yana samun abin da malaminsa ya horar da shi ya samu. A 1913 John Watson a Amurka ya ce a bar wannan hanya gaba ɗaya. Ƙorafinsa shi ne, a kimiyyar sinadarai in sakamako bai fito ba ana zargin kayan aiki, a nan kuwa sai a ce mai duban ne bai ƙware ba. A dubi abin da mutum ke aikatawa kawai, in ji shi. Labarin zuciya a tambayi fuska ke nan, sai dai Watson ya zarce, ya ce a manta da zuciyar ma. Mazhabar tsari ba ta daɗe ba bayan mai ita. Agogon ne ya rayu, don har yau lokacin amsawa da ake aunawa da kwamfuta yana cikin manyan kayan aikin masu binciken hankali.

A kan gadar muke tsaye na ce wa yaron ya rufe ido ya tuna ƙofar gidan kakarsa a Zariya, ya faɗa mini abin da ya gani.

"Koriya ce, ta ƙarfe, hannunta a hagu," ya ce.

"Ka gan ta?"

"Na san ta dai. Gani kamar yaya?"

Na ce kamar hoto, ga tsatsar ƙasanta, ga inuwar darbejiya a kanta da la'asar. Ya buɗe ido ya dube ni, ya ce shi duk rayuwarsa ya ɗauka in an ce mutum ya ga abu a zuci salon magana ne kawai. Baƙi yake gani in ya rufe ido, amma ya san ƙofar, zai iya zana ta.

Francis Galton ya ci karo da irin wannan tun 1880, da ya tambayi mutane su tuna teburin karin kumallonsu, wasu suka ce suna ganinsa tar, wasu suka ce ba su gane tambayar ba. A 2015 likitan ƙwaƙwalwa Adam Zeman da abokan aikinsa suka ba wannan yanayi na rashin ganin hoto a zuci suna. Titchener da bakinsa ya faɗa cewa tunaninsa cike yake da hotuna. Wannan bai warware rigimar Würzburg da Cornell ba, amma ya sa ina zargin cewa wani sashenta ba horo ba ne kuma ba ƙarya ba ce, mutane ne daban-daban kowa ya ɗauka cikinsa shi ne cikin kowa.

"Amma Kawu, ta yaya zan tabbatar kai ma gani kake yi, ba faɗa kawai kake ba?"

Na ce ba shi da hanya. Ya ce to shi ma ba ni da ita a kansa, ya duba waya, ya ce jirgin Frankfurt saura minti ashirin, in ba mu ɗaga ƙafa ba sai na bayansa.